Zinaren na wane ne?

Mai karatu, bari in fara da tona wa kaina asiri. Ina ɗan shekara goma sha biyu na fara kallon Mackenna's Gold a ɗakin kawuna, a wani tsohon kaset da ya sha jiki har hotonsa rawa yake yi. Fim ne na 1969. Gregory Peck ne jarumi, Omar Sharif kuma bos. Kawu yakan nuna shi da yatsa ya ce, "Ka ga wannan? Balarabe ne, ɗan Masar." Ni kuwa ba ruwana, burina kawai a isa kwarin zinaren nan. Duk lokacin da aka harbo wani ɗan ƙabilar Apache daga kan doki, tafi nake yi har da tsalle. Ban taɓa tambayar kaina kwarin na wane ne ba, alhali fim ɗin da bakinsa ya faɗa: nasu ne.

Sai da na fara sharhin finafinai na sake kallonsa, kunya ta kama ni. Balaraben nan ɗan fashin Meziko aka mai da shi. Budurwar Apache kuwa Julie Newmar ce, Baturiya ce sak aka shafe ta da launi.

To su wa suka haƙi zinare a zahiri? A Janairun 1848 James Marshall ya tsinci zinare a Kaliforniya, cikin 'yan shekaru mutum kusan 300,000 suka kwararo. Akwai 'yan Meziko da 'yan Chile, akwai baƙaƙen fata, wasunsu bayi ne da suka haƙa har suka fanshi kansu. A 1852 kaɗai Sinawa wajen 20,000 suka sauka. Ba a yi musu maraba ba. A 1850 aka ɗora wa baƙin mahaƙa harajin dala 20 a wata, a 1854 kuma kotun ƙolin jihar ta ce Basine ba shi da ikon ba da shaida a kan Bature. Wato a kashe ɗan'uwanka a gabanka, bakinka bai isa ba. Masu ƙasar na asali kuwa, waɗanda muka tashi muna kira Indiyawan daji, daga kimanin 150,000 suka koma wajen 30,000 zuwa 1870, saboda kisa da cuta da yunwa. Sai a 2019 gwamnan jihar, Gavin Newsom, ya nemi gafara, ya kira abin kisan ƙare dangi.

Yanzu ka ɗauko Pale Rider na Clint Eastwood, na 1985. Talakawan mahaƙa ne ke fama da wani attajiri mai rusa tsauni da ƙarfin ruwa. Labari mai daɗi, wallahi. Amma duba sansanin nasu da kyau, ka nemo min Sinawan nan.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne The Treasure of the Sierra Madre na darakta John Huston, 1948, domin ina matuƙar ƙaunarsa. Ba a taɓa nuna yadda kwaɗayi ke cinye mutum kamar yadda Humphrey Bogart ya nuna ba. Huston ya yi ƙoƙari: ya je Meziko ya ɗauki yawancin fim ɗin, ya bar mutane suna yin Sifaniyancinsu. Duk da haka, ɗan Meziko a ciki ɗayan biyu ne, ko ɗan fashi irin wanda Alfonso Bedoya ya fito, ko baƙauye mai godiya ga tsohon Baturen da ya ceto masa yaro. A ƙarshe 'yan fashin suka farke jakunkunan garin zinare suka zubar, wai sun ɗauka yashi ne. Haba! Mutanen Sonora ta Meziko fa suna cikin waɗanda suka koya wa Amurkawa wankin zinare da niƙan dutse a Kaliforniya. (Kada mu cika dariya, ka tuna yadda Bagware ke fitowa a finafinanmu na barkwanci.)

Akwai waɗanda suka gwada gyara. Thousand Pieces of Gold na 1991, wanda Rosalind Chao ta ja, labarin wata Basiniya ne da aka sayar aka kai garin mahaƙa a Idaho, kuma macen ta rayu da gaske, ana kiranta Polly Bemis. Mutum nawa ka sani da suka kalle shi?

Kwanan baya na kunna wa kawu Mackenna's Gold a waya, na zayyana masa duk wannan. Ya saurara tsaf, ya gyaɗa kai, sannan ya ce in matsa in bar shi ya ga Balarabensa. Na matsa. Da aka zo wurin harbin nan, sai na ga hannayena a cikin aljihu.