Ranar da aka biya kuɗi don in kama kifi

Tun da na dawo daga wajen ɗiyata kuke tsare ni da tambaya a wurin zubi, wai in ba ku labarin ƙasar Turawa. Labarin wata biyu ba ya shiga takarda ɗaya, don haka zan ba ku na yini guda.

Garin da suke sunansa Gilasgo, cikin ƙasar Sikotland, arewa da Ingila. Na je cikin watan Yuli, lokacin kuna tsakiyar noma. Wata Juma'a da dare ina ninke kayan yara sai ɗiyar ta ce, "Inna, tun da kika zo ba ki zauna ba. Gobe hutu za mu kai ki, kamun kifi a jirgin ruwa." Na ce su da can hutu ne? Mu nan sana'a ce, kuma ta masu ita. Na tambayi kuɗin, ita da mijinta suka yi kamar ba su ji ba. Maigidana ne ya tona asiri, wato jikana ɗan shekara tara: fam 40 kowane mutum, mu kuwa huɗu ne.

Kun san ni. Shekara 11 ina riƙe da kayen asusunmu, kaina ba ya jin kuɗi ya ƙyale. Fam 40 ya kama jikka 30 a kuɗinmu, sau huɗu jikka 120 ke nan. Mace mai zuba dala ɗari duk sati sai ta yi shekara huɗu da rabi kafin ta tara haka. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Kuma ba kuɗin kaɗai ba. Ina budurwa Gulbin Maraɗi ya tahi da ƙanena wata damina, tun daga nan ko kan gada nake, in ruwa ya kawo, ba na duban ƙasa. Ɗiyata ba ta san wannan labari sosai ba, ni kuma kunyar suruki ta hana ni cewa a'a ga abin da ya riga ya biya.

Mun kama hanya da sassafe. Tahiyar ta kusa awa uku a mota, tsakanin duwatsu masu kore shar, tumaki farare sun bazu babu makiyayi. Akwai wani hawa mai tsawo, a ƙarshensa aka tsaya. Surukina ya ce sunan wurin in an juya shi Hausa shi ne "huta ka yi godiya". Sojojin da suka sari hanyar fiye da shekara 250 da suka wuce su suka sa dutse a nan da wannan rubutu. Na ce to, alhamdu lillahi, ashe su ma sun san gajiya.

Daga gangaren nan muka fara ganin ruwan. Sunansa Lok Fain. Kalmar lok a bakinsu tana nuhin tabki, amma wannan ba tabki ba ne irin na Madarunfa ko Tabalak. Teku ce ta miƙo hannu cikin ƙasa tsakanin duwatsu, tsawon kilomita 65, babu irinsa da ya kai shi tsawo a ƙasar. Kina tsaye wannan gaɓa kina hangen gidajen waccan, sai ki ɗauka kogi ne, amma ki ɗanɗana ruwan ki ji gishiri. Na ɗanɗana. Muka bi gefensa har wani ƙaramin garin masunta, Tarbat, gidaje jere sun kewaye matsayar jirage, a bisa tudu ga kangon wata tsohuwar fada.

Mai jirgin dattijo ne, fuska ja, hannuwa kamar na maƙeri. Kafin ya ce komi ya miƙo wa kowa rigar da ke hana nutsewa. Na sa tawa bisa rigunan sanyi biyu, na ɗora hijabi, maigidana ya dube ni ya ce, "Kaka, kin zama buhu." Na ce buhun nan dai shi ka aura. A watan Yuli hwa ake wannan sanyi, su kuwa wai zahi suke yi, wasu har da gajeren wando.

Jirgin mai inji ne, da ɗan ɗaki a gaba. Da ya bar gaɓa na kama ƙarfen gefe da hannu biyu, duk addu'ar da na sani na karanta. Cikin ɗakin akwai wani ɗan allo mai nuna zurhin ruwan da ke ƙarƙashinmu, yaron nan kuwa sai karanto mini lambobin yake, mita 30, mita 60, har na ce ya rufa mini baki. Ruwan baƙi ne wuluk, amma a kwance yake, don duwatsu sun tare iska. Abin da ya sa mutane ke kai yara da tsohi irin wannan wuri ke nan maimakon tsakiyar teku. Muka wuce wani dutse inda wasu dabbobin ruwa ke shan rana, jiki sumul kamar ayu, kai kamar na kare. Can gaba fararen tsuntsaye suna ninke fukafukai suna faɗowa ruwa daga sama kamar an jeho mashi. Dattijon ya nuna su ya kashe inji. Inda suke faɗawa, nan kifi yake.

Fatsar tasu ta ba ni mamaki. Sanda ce mai abin naɗe zare, a bakin zaren ƙugiya biyar jere, kowace an ɗaura mata ɗan gashin tsuntsu, ƙasa kuma darma don nauyi. Babu tana, babu komi na ci. Ki saki zaren ya nutse, ki riƙa ɗagawa kina saukewa, kifi ya ga gashin yana walƙiya ya ɗauka ɗan uwansa ne ƙarami. Na ce a raina kihin da gashin kaza ke ruɗa ai bai yi wayon tarwaɗa ba.

Da hannu ɗaya na fara, ɗayan yana kan ƙarfe. Sai na ji sandar tana rawa kamar an kama ta ana girgizawa daga ƙasa. Na yi salati. Yaron ya yi tsalle yana cewa, "Kaka, naɗe! Naɗe!" da Hausarsa ta ƴan koyo. Ban san lokacin da na saki ƙarfen ba. Kifi huɗu suka hito a zare ɗaya, baya kore da shuɗi mai zanen baƙi, ciki fari kamar azurfa. Makarel suke ce masa, masu faransanci su ce makaro. Kun san shi ko danginsa, irin na kwali da ake sayarwa daga firigo. Amma wanda muke saye ya riga ya koɗe, ban taɓa sanin haka Allah ya yi masa ado ba. Ɗiyata ta ce ta daɗe ba ta ji na yi irin wannan dariya ba.

Ana cikin haka na ga dattijon yana kaɗe ƙananan daga ƙugiya suna komawa ruwa. Na haɗiye. Da bokiti ya kai kifi 26 sai ya ce a naɗe zare, ya isa, wai wannan kifi ba ya jimirin ajiya, abin da za a ci shi ake kamawa. Nan kam na kasa. Na ce wa surukina, "Malam, gaya masa mun biya, kuma kifin bai ƙare ba." Da zan cika bokiti uku in yi banda, ko rabin kuɗin ya dawo.

Bai ji haushi ba. Ya zuba mana shayi daga gorarsa, ya zauna, surukina yana juya mini maganar. Ya ce kakansa masunci ne a ruwan nan, lokacin da wani kifi da ake kira herin ya sa sunan Lok Fain ya kai ko'ina. A garuruwan gaɓar ƙasar mata ne ke gyara shi, uku uku suke haɗa kai, biyu suna hidda hanji, ɗaya tana jerawa cikin ganga da gishiri, sun naɗe yatsu da tsumma saboda wuƙa, a biya su bisa yawan gangar da suka cika. Da na ji haka na gyara zama, na ce ashe su ma sun yi ƙungiya. Ya ce jirage suka ƙara girma, taru ya ƙara faɗi, herin ya yi ta raguwa. A 1984 kuma aka soke dokar da ta hana jan taru a ƙasan ruwa cikin mil uku daga gaɓa, ba a daɗe ba sauran manyan kifaye su ma suka yi ƙaranci. Yanzu yawancin jiragen garin wani abu mai ƙahohu da yawa kamar kunama suke kamawa, a loda a kamiyo a kai Faransa da Sipaniya. Shi kuma ya koma ɗaukar baƙi irina.

Na ce a gaya masa a asusunmu wannan shi ake kira cin uwar kuɗi. Surukina ya ɗan sha wuya wajen juyawa. Dattijon ya yi shiru, ya gyaɗa kai, ya tashi ya ta da inji. Ban sake maganar bokiti uku ba, ko da yake har yanzu ina ganin da ya bari mun kai talatin.

Da muka koma Tarbat na rantse ba nan muka tashi ba. Ruwan ya sauka fiye da tsawon mutum, matakalar da muka tako da sahe ta ƙara tsawo, duk gansakuka. Ashe haka teku take, sau biyu a yini tana cika tana janyewa. Sai a kan matakalar na tuna ban yi tunanin Gulbi ba tun kifin farko. A mota, yaron yana barci a cinyata, na ba ɗiyata labarin kawunta daga farko har ƙarshe.

Ƙarhe tara na dare muna gida, rana ba ta faɗi ba, magariba can sai wajen goma a wannan wata. Na soya kihin, na barbaɗa yajin da na taho da shi daga Maraɗi. Maigidana ya ci uku. Bayan isha'i na ɗauko ɗan kayena na tahiya na buga lissahi: kowane kifi ya tashi sama da jikka huɗu da rabi. Na duba layin abinci, na duba layin mota, na duba na tsaraba, babu inda kuɗin ya dace. Sai na ja sabon layi na rubuta "hutu". Shekarata 58, ban taɓa rubuta kalmar nan cikin kaye ba.

Ga abin da zan kawo a taron Alhamis, kuma ina so ƙungiyoyin Damagaram da Tawa da Yamai su duba nasu. In an fasa akwati an yi rabo, kowa ta bar dala ɗari biyu mu tahi Madarunfa yini ɗaya, ba biki, ba gaisuwar mutuwa, ba kasuwa. Mu sayi kifi hannun masunta, mu soya a bakin ruwa. Wadda ke son shiga jirgi ta shiga, amma ba za a cika shi ba, ni zan tsaya in ƙirga. Wadda ke da suruki mai mota ta fara yi masa magana tun yanzu.