Zamanin da babur mai ƙafa uku ya yi araha

A ƙauyukan Amurka, cikin shekarun 1990, ba abin mamaki ba ne ka zaga bayan ɗakin ajiyar gona ka tarar da jan babur mai ƙafa uku a kwance, ciyawa ta ci rabinsa, ɓeraye sun yi sheƙa a akwatin iskarsa. In ka taya, mai shi ya sallama da ɗan abin da ka miƙa, wani ma ya ce ka ɗauke ka rage masa shara. A wannan tsakanin ne talaka mai sha'awar ƙarfe ya sami rabonsa, kuma rabon ya biyo ta hanya mai ɗaci.

Honda ce ta fito da shi a 1970 da sunan US90, a kan dala 595. Dillalanta na Amurka ne suka nemi abin da za su riƙa sayarwa da hunturu, lokacin da kasuwar babur ke mutuwa, sai injiniya Osamu Takeuchi ya ƙera musu wannan: inji mai cc 89, ƙarfin doki bakwai, da tayoyi uku ɓul-ɓul masu 'yar iska kaɗan. Babu shokazoba ko ɗaya, taushin tayar ne ke shanye gargada. Da shekara ta zagayo aka gan shi yana tsere cikin hamadar Nevada a fim ɗin James Bond mai suna Diamonds Are Forever. A 1973 aka raɗa masa ATC90, aka kuma fito da ƙaramin ATC70 don yara. ATC250R na 'yan tsere ya zo a 1981, sai Big Red na manoma a 1982, mai maɗorin kaya gaba da baya. Yamaha da Kawasaki da Suzuki duk suka shigo kasuwar.

Aibinsa yana a baya. Keke Napep na da giyar da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana, shi kuwa wannan sandar ƙarfe guda ce ta haɗa tayoyin biyu, tare suke juyawa ko ana so ko ba a so. Kafin ya sha kwana sai mahayi ya karkatar da jikinsa tayar ciki ta ɗan saki ƙasa. Babba mai nauyi da gogewa yana iya wannan. Yaro ɗan shekara goma da aka ɗora a kan injin manya ba ya iyawa, iyaye kuma suna ganin ƙafa uku sai su ɗauka ba ya faɗuwa. An yi asarar rayuka da yawa, akwai yara masu yawa a ciki. A 1985 shirin 20/20 na tashar ABC ya fito da maganar fili, a 1988 kuma kamfanonin suka sa hannu a yarjejeniya da gwamnati cewa sun daina sayar da sabo. Ba a hana riƙe tsoho ba, sai dai kowa ya juya wa abin baya, ya koma kan mai ƙafa huɗu wanda Suzuki ta fara fitarwa a 1982.

To, wanda ya jawo irin wannan gawa gida da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, daga ina yake farawa? Masu hankalinsu ba sa sayen ko noti sai sun ji numfashin injin. A kwance filogi, a ɗiga ɗan baƙin mai a ramin, a ja igiyar tayarwa sannu a hankali. In fistin ya motsa, ka toshe ramin da babban yatsa iska ta ture shi, akwai rai. Sannan a jingina filogin a jikin inji a sake ja, a duba ko shuɗiyar wuta za ta yi tsalle. Tsofaffin samfurin kwantak gare su, sau da yawa goga shi da 'yar takardar yashi kawai yake jira.

Tanki ne ke cin haƙuri. Fetur ɗin da ya shekara goma a ciki ya zama ɗanko mai wari, tsatsa ta yi ɓawo a ƙasa. Mai kuɗi sabo zai nema. Marar shi sai ya zuba tsofaffin noti cikin tafin hannu guda, ya toshe baki, ya yi ta girgizawa har kafaɗa ta gaji, ya zazzage jan gari a ƙasa. Daga nan ya cika tankin da ruwan khal ya bar shi ya kwana biyu, ya ɗauraye, ya busar nan take, don ƙarfen da aka wanke da tsami ba ya jimawa yake sake yin ja. Kafireto kuma a warware shi a kan farin tsumma, kowane ƙanƙanin abu a jere yadda ya fito. Akwai wani ɗan bututun tagulla mai huda kamar ta allura, shi ke ciyar da inji in yana tsaye. Sai ka ɗaga shi sama ka hango haske ta cikinsa kafin ka mayar. In ya toshe, siririn zaren waya guda ya ishe shi, ba a ƙwaƙule shi da ƙarfi don kada hudar ta faɗaɗa.

Abin da ya sa duk wannan ya yiwu shi ne injin. Ƙananan samfurin suna ɗauke da kwantaccen injin nan na dangin Honda Cub, wanda jikokinsa ne ke cikin baburan roba-roba da muka sani. Bai da wahalar sha'ani, kuma ana samun gaskit da ringi da araha.

Inda nake ganin aka bambanta mai gyara da mai kwalliya shi ne wurin kashe ɗan kuɗin da ya rage. Madigadin roba ya tsage, to a huda gefe da gefe a ɗinke da waya, ba zai kashe kowa ba. Kujera ta yage, leda da soso sun wadatar. Amma boris ɗin sandar baya, da takalmin birki, da wayar totur wadda ake dannawa da babban yatsa, waɗannan sababbi ake saya ko da za a fasa fenti. Totur da ya maƙale a kan abin da dama can yake son kifewa, ba ƙaramar masifa ba ce. Iskar taya ma haka: 'yar kaɗan ce, kuma dole na baya biyu su zo daidai, in ba haka ba babur ya riƙa ja gefe ɗaya. Duk wanda ya ƙona kuɗinsa a jan fenti ya bar tsohon birki, bai san tarihin abin da yake hawa ba.

Yau kasuwar ta juya. Yaran shekarun 1980 sun girma sun yi kuɗi, suna neman abin da suka hau a gonar kakanninsu, sai farashin ATC250R da US90 na farko ya fi ƙarfin mai ƙaramin aljihu. Tayoyin US90 na asali, waɗanda ba su da kaskon ƙarfe, su kaɗai sun zama kayan masu tarawa. Abin da ya rage wa talaka shi ne ATC110 ko ATC185 da ya sha wuya, ko firam ɗin ATC70 da ba inji. Da yawa suna ɗaura wa wannan firam injin Lifan na Sin mai cc 125, tunda yana zama ba tare da wata wahala ba kuma ya fi gyaran na asali araha. Ni dai ba na goyon bayan haka. Firam ne da aka auna wa yaro da inji mai cc 72, ba shi da birkin gaba, kuma a ƙarshe yaron gidan ne zai roƙi a bar shi ya hau.