Wanda Ya Yaga Takarda Ne Ya Kamata A Hukunta

Jama'a ku yi haƙuri, yau ma maganar zaɓe ce. Ɗazu a cikin motar Sabon Gari zuwa Samaru wani matashi yake cewa shi da layin zaɓe har abada, tunda ko ka jefa ƙuri'a soke ta za a yi a ce inkonkulusib, wato zaɓe bai kammalu ba. Har muka wuce MTD babu wanda ya musa masa. Abin ya tsaya mini a rai, domin yaron ba ƙarya ya yi ba.

Masu bibiyata sun san tun 2019 nake kan wannan magana. Ranar 9 ga Maris aka yi zaɓen gwamna a Kano, Abba Kabir Yusuf yana gaba da ƙuri'a 26,655. Aka yaga takardun sakamako a cibiyar tattarawa ta ƙaramar hukumar Nasarawa, aka soke na mazaɓar Gama, INEC ta ce zaɓe bai kammalu ba. Ranar 23 ga Maris aka sake, 'yan daba suka cika rumfuna da gorori da wuƙaƙe, aka bayyana abokin takararsa Ganduje ya ci da ratar 8,982, Kotun Ƙoli ta tabbatar masa a Janairun 2020. Jihohi shida aka ce zaɓensu bai kammalu ba a shekarar, har da Sakkwato inda Tambuwal ya tsira da ƙuri'a 342.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wa aka hukunta? Tsohuwar da ta fito tun asuba, ta sha rana, aka shafa mata tawada a yatsa, ita aka ce ta sake fitowa. Wanda ya yaga takarda kuwa an ba shi mako biyu ya sake shiri, ya tattara kuɗinsa da yaransa a 'yan rumfuna kaɗan. Haka aka sake a Kunci da Tsanyawa a Fabrairun 2024, zaɓen da kotu ta sa a sake sai da aka dakatar da shi saboda 'yan daba.

Na san za a ce ni ɗan jar hula ne, wato ɗan ɓangaren Abba, ko kuma ina ruwan Bazazzagi da rikicin Kanawa. Wallahi ba ni da katin kowace jam'iyya, kuma da Ganduje aka yi wa haka, abin da zan faɗa ke nan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ɗan abin da na sani shi ne, idan ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓen rumfunan da aka soke ba, dole a sake. Shi ya sa ake kai hari rumfar da abokin hamayya yake da ƙarfi. Don haka in kun jefa ƙuri'a kada ku watse. Ku tsaya a ƙirga a gabanku, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a manna sakamako a bango, kowa ya ɗauki hotonsa da waya.

Ku kuma samarin Hayin Dogo da Bomo da ake ba ku ƙwaya da 'yan kuɗi ku fasa akwati, ku ji tsoron Allah. Haƙƙin duk wanda kuka ɓata wa ƙuri'a yana wuyanku, kuma ranar hisabi babu ubangidan da zai zo belinku. Ina roƙon INEC da 'yan sanda su riƙa gurfanar da mai yaga takarda tare da wanda ya aiko shi kafin a sa ranar sake zaɓe.