Kiwi na kanti da yaɗiyar gida



Duk wanda ya taɓa leƙa manyan kantunan Abuja ko Kano ya ga wani ɗan itace mai gashi-gashi, girman ƙwan kaza, wai shi kiwi, ga tsadar tsiya. Asalinsa tsiron daji ne mai yaɗo, yana hawa itatuwa a duwatsun ƙasar Sin. A 1904 aka kai irinsa New Zealand, manoma suka yi ta zaɓen wanda ya fi girma da daɗi har suka tsaya a kan irin da ake kira Hayward. Sunan kiwi ma sai a 1959 aka laƙaba masa don kasuwa. Yau akwai mai koren ciki, akwai mai ruwan ɗorawa, akwai wani ɗan ƙarami marar gashi kamar inabi.

Mu ma nan Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi muna da namu masu yaɗo. Yaɗiya ce ta farko. Mun tashi muna ganin iyayenmu mata suna tsinko ganyenta, a dafa, a matse, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, musamman a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma gero bai nuna ba. Ta rufa wa gidaje da yawa asiri, amma har gobe abincin talaka muke kiranta. Ga garahuni mai ɗaci a jikin danga, ga dafara da magina ke jiƙawa su haɗa da ƙasar yaɓe.

Ba mu taɓa shuka su ba, saboda daji na nan, kyauta. To yanzu dajin ya fi ƙarfinmu. Wace uwa za ta tura ɗiyarta neman yaɗiya bayan gari a ƙasar Zurmi, alhali 'yan bindiga na yawo? Tsofaffin da suka san wurin da mai laushin ganye take fitowa, da wadda ɗacinta ya yi yawa, wasu sun rasu, wasu suna zaman gudun hijira a cikin gari.

Shawararmu ba ta buƙatar ko kwabo daga gwamnati. Yaɗiya na jure fari, kuma idan kwanson 'ya'yanta ya bushe ya fashe, irin na nan cikin farin gashi kamar auduga. A tambayi tsohuwar gida wadda ta fi daɗi, a tara irin, a shuka a gindin danga da ruwan farko. A dai kare ta daga awaki har ta kama.