Rundunar Laka

Jama'a, a Ingila magidanta ne ke sayen 'yan sojojin Farisa, da can na dalma, su yi musu fenti, su jera bisa tebur suna yaƙin Sarki Dara. Mu a Gummi laka muke ɗebowa bakin gulbi mu gina doki, ƙaya ce mashi, shuni da farar ƙasa ne ado. Nawa sun kai arba'in kafin damina ta cinye su.

Amma tun 2010, da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gabana kan faɗi in na ga yaro na kwaɓa ƙasa. Ɗana ya kawo laka in gina masa doki, sai da na tambayi inda ya ɗebo ta.