Ƙullutu Ba Ya Jiran Kaka

Wata huɗu ƙanwar mahaifiyata ta yi tana ɓoye ƙullutu a nononta na hagu. Da farko kunya, daga baya tsoro. Kullum sai ta ce, "Bari dai kaka ta yi, a saida wake." An sha rubutu, an sha sassaƙe, abu na nan daram.

Da muka kai ta wurin ƙwararru a Yamai, abu uku aka yi mata. Likita ta laluba nonon har hammata, aka ɗauki hoto da na'ura, duk a wuni guda. Sannan aka sa allura aka ɗebo ɗan nama don awo. Likitar ta ce, "Hajiya, yawancin ƙullutu ba kansa ba ne, amma hannu kaɗai ba ya tantancewa."

Nata kansa ne, sai dai bai bazu ba. An yi mata aiki, ta koma Maraɗi da ƙafarta.

Mu ƴan lakwal, mu ake kira mu karanta takardar likita a gida. To, in inna ko yaya ta ce fatar nono ta lotsa, ko kan nono na fid da jini, "Allah ya sawwaƙe" kaɗai bai isa ba. A nemo kuɗin mota a satin nan.