Ƙungiyoyin Hoki, Kuɗin Agaji, da Wahalar Rabo

A daren Asabar, 24 ga Nuwamba 2012, mutum sama da 10,000 suka cika zauren Boardwalk Hall da ke birnin Atlantic City, a jihar New Jersey ta Amurka, don kallon wasan da ba ya cikin jadawalin kowace gasa. Babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, wato NHL, a rufe take tun watan Satumba, domin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa sun kasa daidaitawa a kan rabon kuɗin shiga. Ana cikin wannan taƙaddama sai guguwar Sandy ta sauka a gaɓar teku dab da birnin, ranar 29 ga Oktoba, ta rusa gidaje, ta cika unguwanni da ruwa. 'Yan wasan da ke zaman jira suka haɗa kai ƙarƙashin jagorancin Scott Hartnell na Philadelphia Flyers da Brad Richards na New York Rangers, suka shirya wasan agaji. Manyan masu tsaron raga biyu na zamanin, Martin Brodeur da Henrik Lundqvist, suka tsaya a ragogin. An tashi da kimanin dala 500,000.

Ɓarnar da Sandy ta yi ta haura dala biliyan 60. Idan aka raba ta gida 120,000, abin da aka tara a daren bai wuce gida ɗaya ba. Duk wanda zai yi nazarin irin wannan taimako ya kamata ya fara da wannan lissafi, don kada tafin jama'a ya rufe masa ido.

Hoki, wanda wasu ke kira ƙwallon gora, a kan ƙanƙara ake buga irin wannan nasu: mutum shida-shida, sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora ɗan faifan roba da sanda. NHL tana da ƙungiyoyi 32, bakwai daga ciki a Kanada, inda wasan ya shiga jinin jama'a kamar yadda ƙwallon ƙafa ta shiga jinin mutanen Brazil. Kowace ƙungiya tana buga wasanni sama da 80 a kaka, rabinsu a gida, kuma yawancin zaurukan suna ɗaukar mutum 17,000 zuwa 20,000. Wannan taro shi ne babban jarin ƙungiya idan bala'i ya faɗo. Hukumar agaji sai ta sha wahala kafin ta tara mutum dubu a wuri ɗaya su saurare ta na minti biyar. Ƙungiyar hoki kuwa tana tara ninkin-ba-ninkin haka sau ɗaya ko biyu a mako, ga na'urorin talabijin a kunne, ga jama'a sun riga sun fito da kuɗi a aljihu.

Hanyoyin tara kuɗin sanannu ne. Gidauniyar ƙungiya ta rubuta cek. A yi gwanjon rigunan da 'yan wasa suka sa a daren, da guminsu da sa hannunsu. A karya farashin tikiti a sadaukar da kuɗin ƙofa, kamar yadda Carolina Hurricanes ta yi a Oktoban 2024 bayan guguwar Helene, inda ta sayar da tikitin wasan share fage a kan dala 10. Amma hanyar da ta fi kafuwa, musamman a Kanada, ita ce ƙuri'ar da suke kira 50/50: 'yan kallo su sayi lambobi yayin wasa, a zaɓi ɗaya kafin a tashi, mai lambar ya ɗauki rabin abin da aka tara, rabin ya tafi ga aikin taimako. Ba ƙaramar harka ba ce. A watan Agustan 2020, lokacin da annobar korona ta hana 'yan kallo shiga fili aka mayar da sayarwar ta intanet, ƙuri'ar Edmonton Oilers ta wasa ɗaya ta kai kimanin dalar Kanada miliyan 14.

Mai karatun da ya tashi a inda caca haramun ce zai ɗan dakata a nan, kuma yana da hujja: caca ce mai lasisi, an yi mata lulluɓi da mayafin sadaka. Akwai kuma wani abin lura ko da an ajiye batun addini gefe. Idan aka sanar da cewa ƙungiya kaza ta tara kuɗi kaza, yawanci kuɗin direban babbar mota ne da malamar asibiti da ɗalibi da suka zo kallo. Ƙungiya ta riƙe ƙwarya, jama'a suka zuba, sunan ƙungiya ya fito a jarida.

Wannan ba ya nufin riƙe ƙwaryar banza ne. A farkon Mayun 2016 wutar daji ta afka wa garin Fort McMurray a arewacin lardin Alberta na Kanada, cibiyar haƙo man da ke cikin yashi. Ranar 3 ga wata aka umurci kowa ya fita. Kimanin mutum 88,000 suka bar gidajensu, da yawa suka bi babbar hanya mai lamba 63 zuwa Edmonton, tafiyar fiye da kilomita 400, wuta na ci a gefen titi. Gine-gine kimanin 2,400 suka ƙone, asarar da kamfanonin inshora suka ɗauka ta haura dalar Kanada biliyan 3.5. Ƙungiyoyin lardin biyu, Edmonton Oilers da Calgary Flames, abokan gabar juna a fili tun shekarun 1980, sun ba da gudunmawa, sun kuma nuna wa magoya bayansu ƙofa ɗaya: Red Cross ta Kanada. Gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin ɗora dala a kan kowace dalar da ɗaiɗaikun mutane suka bayar har ƙarshen watan. Ma'ana, dala 20 ta ɗan kallo tana zama 40, alhali cek ɗin kamfani yana nan yadda aka rubuta shi. A irin wannan tsari, muryar ƙungiya ta fi aljihunta amfani. Asusun ya haura dalar Kanada miliyan 300, kuma cikin kwana goma da ƙaura Red Cross ta fara tura dala 600 ga kowane babba da 300 ga kowane yaro.

A Fort McMurray tambayar wa zai samu nawa ba ta hau kan ƙungiyoyin wasa ba. Sun zuba ruwansu a babban kogi, wata hukuma mai ma'aikata da rajista ta yi rabon. Shekara biyu bayan haka duniyar hoki ta tara kuɗin da babu wata hukumar da ke jiran karɓarsu, kuma a nan ne aikin ya nuna ainihin nauyinsa.

Humboldt gari ne mai mutum kimanin 6,000 a lardin Saskatchewan, ƙasar alkama shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Ƙungiyarsu, Broncos, ta matasa ce masu shekara 16 zuwa 21, irin wadda yara ke barin garuruwansu su zauna a gidajen masu masauki don su buga mata. Ranar 6 ga Afrilu 2018 motarsu tana kan hanyar Nipawin don wasan zagayen kusa da na ƙarshe, sai wata tirela ta ƙetare alamar tsayawa a wata mararraba, suka yi karo. Mutum 29 ne a motar. Sha shida suka rasu: 'yan wasa goma, koci da mataimakinsa, direba, mai kula da lafiyar 'yan wasa, mai rubuta ƙididdiga, da mai sharhin rediyo. Sauran 13 suka tsira da raunuka, wasu da shanyewar jiki, wasu da rauni a ƙwaƙwalwa.

Kusan duk wanda ya kai NHL daga Kanada ya yi shekaru a cikin irin wannan mota, yana ratsa dare da sanyi daga gari zuwa gari. Shi ya sa abin ya taɓa manyan ƙungiyoyin kamar gobarar gida. Washegari, a Winnipeg, 'yan wasan Jets da na Chicago Blackhawks suka cire sunayensu daga bayan riguna, kowa ya fito da sunan Broncos, suka cakuɗa suka yi da'ira a tsakiyar ƙanƙara. Ƙungiyoyi da 'yan wasa suka yi ta aika gudunmawa. Mutane a faɗin ƙasar suka riƙa jingine sandunan hoki a ƙofar gida da dare. Wata mazauniyar Humboldt ta buɗe asusu a shafin GoFundMe da burin tara 'yan dubbai. Da aka rufe shi ranar 18 ga Afrilu ya wuce dalar Kanada miliyan 15, daga mutum kimanin 140,000 a ƙasashe da dama.

Kwana goma sha biyu aka yi ana tarawa. Rabon ya ci wata bakwai.

Tambayoyin ba su da daɗin faɗi. Iyayen da suka binne ɗa da iyayen da za su yi jinyar ɗa har ƙarshen rayuwarsa, wa ya fi cancanta? Kocin da ya bar mata da 'ya'ya, rabonsa ɗaya da saurayin da bai ajiye iyali ba? Wanda ya fita asibiti da ƙafafunsa, a ba shi daidai da wanda ke keken guragu? Masu bayarwa ba su faɗa ba. Sun danna maɓalli cikin hawaye, sun koma harkokinsu, kuma babu yadda za a tara mutum 140,000 a tambaye su nufinsu.

Lauyoyin ƙasashen da suka gaji dokar Ingila sun san inda irin wannan asusu kan maƙale, domin akwai tsohuwar shari'a da ake koyarwa a kai. A Disamban 1951, a garin Gillingham na Ingila, wata motar bas ta afka wa jerin yara masu horon sojan ruwa, ta kashe 24. Magadan gari suka roƙi jama'a taimako, aka tara kusan fam 9,000, aka kashe wani ɓangare a kan jana'iza da jinya. Saura kuwa, kotu ta ce tunda manufar da aka rubuta ba ta cika sharuɗɗan sadaka a doka ba, haƙƙin masu bayarwa ne. To amma yawancinsu a cikin gwangwani suka jefa sulallansu a bakin titi, babu suna. Kuɗin suka zauna a hannun kotu kimanin shekara 40, sai a farkon shekarun 1990 aka raba wa waɗanda suka tsira, sun riga sun yi furfura.

Saskatchewan ta yi sa'a. A 2014 majalisar lardin ta zartar da doka a kan asusun taimako da jama'a ke buɗewa haka kawai, ba tare da rajistar gidauniya ba. Dokar tana ɗaukar kuɗin a matsayin amana, tana kuma bai wa kotu ikon sa ido a kan rabonsu. An kafa kamfani mara neman riba ya riƙe kuɗin. A watan Agusta kotu ta amince a bai wa kowane ɗaya daga cikin 29 ɗin, ko iyalansa, dala 50,000 na wucin gadi, domin wasu iyaye sun ajiye aiki suna kwana a asibiti. Sannan aka naɗa kwamitin mutum biyar ya ji ta bakin iyalai ya ba da shawara. A cikinsu akwai tsohon alƙali Dennis Ball, da Hayley Wickenheiser, wadda ta ci zinare huɗu a gasar Olamfik da tawagar matan Kanada, da Mark Chipman, shugaban kamfanin da ya mallaki Winnipeg Jets.

Sunan Chipman ya cancanci a tsaya a kansa. Sa wa 'yan wasa riga mai sunan Broncos aikin kwana ɗaya ne, kuma babu mai zagin wanda ya yi shi. Shiga kwamitin da zai sa farashi a kan baƙin cikin mutane, da sanin cewa kowace amsa za ta ɓata wa wani rai, wannan gudunmawa ce da ba ta zuwa da tafi. Idan ana auna abin da manyan ƙungiyoyin suka yi wa Humboldt, wannan kujera ta fi cek ɗin tsada.

Wasu iyalai sun nemi a raba daidai wa daida, don kada kuɗi ya raba waɗanda masifa ta haɗa. Kwamitin ya matso kusa da haka amma bai kai ba. Ya ba da shawarar dala 525,000 ga iyalan kowane mamaci, da 475,000 ga kowane wanda ya tsira, har da abin da aka riga aka biya. Bambancin dala 50,000 ya yi kaɗan a kira shi diyya, alama ce kawai cewa wanda ɗansa bai dawo ba ya rasa wani abin da sauran ba su rasa ba. A ƙarshen Nuwamba 2018 mai shari'a Neil Gabrielson ya amince da shawarar a wata kotu a Saskatoon.

Hukuncin yana da abin suka. Kwamitin bai bambanta tsakanin masu rauni ba, don haka saurayin da ya koma kan ƙanƙara a kaka mai zuwa da wanda sai an gyara masa ƙofofin gida don kekensa ya wuce, adadi ɗaya suka karɓa. Mai lissafin buƙata zai ce an zalunci na biyun. Amma da an bi ta buƙata, da sai iyaye sun jera rahotannin likita a gaban kwamiti, kowa yana nuna cewa ciwon ɗansa ya fi na abokinsa, a garin da dukansu za su ci gaba da haɗuwa a kasuwa da coci da bakin fili. Kwamitin ya ɗauki kuɗin a matsayin kyautar jama'a, wadda aka bayar ba tare da an tambayi takardar asibiti ba, ya raba ta a haka. Bayan cire kuɗin da shafin ya caja, kimanin dala miliyan 14.6 ne suka isa ga gidaje 29, kuma a bainar kotu aka karanta adadin da kowane gida zai samu.